Saniyar da Ta Zama Naira

Shekarar da naira ta yi ta zubewa, kowa a Gure ya zama masanin tattalin arziki. Mai shayi na da ra'ayinsa, mai facin taya na da nasa, har wanda bai taɓa taka ƙofar banki ba sai ka ji yana tsara wa babban bankin Najeriya abin da ya kamata ya yi. Ba laifinsu ba ne. Da kuɗin sefa garin yake ciniki, amma rabin kayan kasuwarsa daga kudu, wato Najeriya, suke zuwa, dabbobinsa kuma kudu suke tafiya, don haka duk abin da ya taɓa naira sai ya taɓa tukunyar kowa.

Sufiyanu ba ya cikin masu wannan hira. Makiyayi ne daga wajen Bune, Fillanci a ruga, Hausa a kasuwa, kuma abin da ya sani game da naira bai wuce cewa takardarta na saurin tsufa a aljihu ba. Abin da ya kawo shi Gure a tsakiyar bazarar nan saniya ce guda ɗaya, ja, mai dogayen ƙaho, sunanta Woɗeye. Tana gidan amininsa Mainasara, manomi, kuma lokacin komawarta gida ya yi.

Habbanaye ya ba shi ita. Wannan al'adar makiyaya ce: in naka ya shiga wani hali, sai ka ɗaura masa saniya, ya sha nononta, ya riƙe 'ya'yan da ta haifa har uku su zama nasa, sannan ya maido maka da uwar. Ba a rubutawa, ba a kiran shaida, ba a kuma ba da ramammiya. Wadda ka fi so ita kake bayarwa, don ita ce za ta nuna matsayin mutumin a wurinka. Shekarar da geron Mainasara ya ƙone a tsaye, yaransa suna shan kunu ba nono, Sufiyanu ya kora masa Woɗeye har ƙofar gida. 'Yan'uwansa sun yi ta gunaguni, wai ina aka taɓa ɗaura wa mai fartanya saniyar gado. Ya toshe kunnensa. Iyayensu ma aminai ne, tare suka tashi, kuma a ganinsa manomi ma ya san amana.

Saniyar gado ce kuwa. Kakarta ce ta rako mahaifiyar Sufiyanu ɗakin aure, sunan kuma yana bin 'ya'ya mata har yau. A da suna da yawa a garkensa. Sai kiwo ya kai shi arewa, wajen rijiyoyin Alakos, ciwon huhu ya shiga shanun, ya yi ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, kuma kamar da gayya ya fi bin jajayen. Ya dawo da 'yan tsiraru, babu ko ɗaya daga tsatson saniyar mahaifiyarsa. Ranar da ya iso gida, matarsa Halimatussa'adiya ce ta tuna masa cewa iri bai ƙare ba tunda Woɗeye na Gure. Da wannan maganar ya ci tuwo a ranar, da ita kuma ya kamo hanya.

Ya sami Mainasara ya canja. Ga sabon moto, wato babur, a zaure, ga waya biyu a aljihun gaba, ga shadda mai ƙara in ya motsa. Amma tarbar ta nan yadda take. Ya rungume shi, ya yi masa jajen shanu har idonsa ya kawo ruwa, ya shimfiɗa masa tabarma da hannunsa. Matarsa Salima ce kawai ta ba Sufiyanu mamaki. Macen da ta saba tsayawa ta tambayi kowa na ruga da sunansa, yau ta dire ƙwaryar fura, ta gaishe shi kanta a ƙasa, ta koma ciki da sauri.

"Sha ka huta," in ji Mainasara. "Ina da albishir da zan yi maka, amma sai ka gani da idonka."

Suka zaga bayan gida inda turakun suke. Shanu biyu ne a ɗaure, fara da baƙa-baƙa, manya, masu ƙoshi duk da bazara. Can gefe ƙarƙashin aduwa ga wata 'yar karsana ja tana tuƙa. Sufiyanu ya dubi nan, ya dubi can, ya leƙa bayan rumbu.

"Tana wajen kiwo ne?"

Mainasara ya yi dariya irin ta wanda ya daɗe yana jiran wannan tambaya. Ya dafa farar, ya dafa baƙar.

"Ga ta nan, ɗan'uwa. Ta zama biyu. Duka naka ne."

Daga nan ya shiga bayani, yana yi yana jin daɗin kansa. Ya ce lokacin sanyi naira ta faɗi har ta ba mutane tsoro, kowa na gudunta. Shi kuwa yana zama wajen Ma'azu ɗan canji a tasha, suna sauraron rediyo tare, suka ji ana cewa babban bankin can zai ɗaga kuɗin ruwa sosai don ya tare faɗuwar. Ma'azu ya ce masa in aka yi haka masu manyan kuɗi za su dawo neman naira, za ta farfaɗo ko da na ɗan lokaci ne, wanda ya riƙe ta a yanzu shi zai yi dariya. Mainasara ba shi da jarin da zai saye ta. Sai ya dubi turke. A kasuwar Nguru ana biyan saniya da naira tuli, don takardar ta yi arha. Ya bi da Woɗeye da ɗan marakinta na biyu ta hanyar daji tare da masu kora, ya sayar, ya ƙulle kuɗin ya zauna a kansu. Aka ɗaga kuɗin ruwan kuwa, har sau biyu, naira ta miƙe. Ya canja ta zuwa sefa kafin ta sake komawa, ya jira rani ya matsa, makiyaya suka fara zubar da dabbobi saboda rashin ciyawa, ya sayi waɗannan biyun da kuɗin uwar, kuɗin marakin kuma ya zama moto.

"Ko sisin kuɗin ruwa ban ci ba," in ji shi. "Na tambayi malamai. Saye da sayarwa ne kawai. Kuma dala ɗaya ta saniyarka ban taɓa ba, Allah ne shaida."

Gaskiya yake faɗa, abin da ya fi ciwo ke nan. Da ɓarawo ne, da Sufiyanu ya san inda zai kai ƙara, ya san irin zagin da zai yi. Amma mutum ne tsaye gabansa, fuska cike da fara'a, yana jiran a gode masa. Sufiyanu ya tsuguna a gindin turke.

"Wa ya saye ta?"

"Masu kamiyo, manyan motocin nan na ɗaukar shanu. Na ji suna cewa Legas za su."

Kowa ya san abin da ake yi da saniyar da ta hau kamiyon Legas. Sufiyanu ya tuna yadda take ƙin shan ruwa in ba a yi mata fito ba, ya tuna ba ta taɓa hawa mota ba.

"Ba taka ba ce, Mainasara," ya ce a hankali. "Nononta naka ne, 'ya'yanta naka ne. Ita kam ba taka ba ce."

"Na sani. Shi ya sa ribar ma na ce taka ce. Ka duba su mana, wallahi kowace ta fi ta nama. Ta fara tsufa fa, haihuwa nawa ta rage mata? Kai da ka yi asara, ba gara biyu da ɗaya ba?"

"Me ya hana ka aiko a tambaye ni?"

"Kana Alakos, waya ba ta shiga. Kasuwar nan kuma ba ta jiran mutum. Da na tsaya neman ka, da damar ta wuce." Sannan ya ƙara da abin da ya fi kusa da gaskiya. "Kuma na san za ka ƙi."

To, ashe ya sani. Ba kuskuren manomin da bai san darajar tsatso ba ne. Ya san za a ƙi, shi ya sa bai tambaya ba. Nan ne Sufiyanu ya ji an ci amanarsa sosai, ya ji kunyar 'yan'uwansa da ya toshe wa kunne.

Ya miƙe ya nufi aduwa. 'Yar karsanar ta ɗago kai. Goshin nan mai faɗi, farin tabon nan a ƙirji, yadda take karkata kunnen hagu, duk na gidansu ne. Ya kira sunan a hankali da Fillanci, ya miƙa hannu, ta sansana ta lashe gishirin tafinsa.

"Autarta ce," in ji Mainasara daga bayansa. "Da ita ma ta tafi, Salima ce ta tsaya a kan igiyar ta ce sai dai a haɗa da ita."

Karsanar ta Mainasara ce, al'ada ta ba shi, babu mai ja. Sufiyanu ya daɗe yana shafa wuyanta kafin ya iya buɗe baki, don roƙo ba abin da ya saba ba ne, balle a wurin wanda ya gama yi masa haka. Amma ita kaɗai ta rage a duniya.

"Ka ɗaura mini ita habbanaye," ya ce. "Yau ni ne a halin da kake a da. In ta haifa mini uku, in maido maka da ita."

Ya zaci kafin ya rufe baki za a kwance igiya. Har ya shirya yafewa a zuciyarsa, ya ce in Mainasara ya yi wannan, to sauran ya bar wa Allah. Sai ya ga mutumin ya sosa ƙeya, ya dubi sama kamar mai lissafi.

"Haihuwa uku fa shekaru ne masu yawa, ɗan'uwa. Ita ko barbara ba ta kai ba. Zamanin nan ba a ɗaure dukiya haka a bar ta tana barci. Ka ga Ma'azu na cewa in damina ta faɗi kuɗin karsana zai tashi, naira kuma ta fara komawa ƙasa, akwai wata damar a gaba. Ni da na yi niyyar in juya ta ne."

Sufiyanu ya dube shi sosai, ya nemi yaron da suka yi wasan langa tare a fuskar, bai same shi ba. Sai ya yi magana da harshen da ya ga ana ji a gidan yanzu.

"To sayar mini. Ga farar can."

"Albarka," in ji Mainasara. Bakinsa ne ya riga shi, irin na wanda ya saba da kara, kasuwar shanu. Ya ɗan ji kunya, ya yi dariya, amma bai janye ba. "Ka san jar nan irinta na da tsada. Kuma kai kanka ka san abin da take a wurinka."

Wato har ƙaunar da yake yi mata an saka a farashi. Sufiyanu ya ji wani abu ya mutu a ransa, ba tare da hayaniya ba.

"Haɗa da baƙar."

Sufiyanu ya faɗa ne yana kallon idon Mainasara, yana ba shi dama ta ƙarshe. Manyan shanu biyu a kan karsanar da ba ta kai barbara ba, ko a kasuwar da babu sani babu sabo mutum zai ji nauyin karɓa. Kalma ɗaya yake jira, a ce masa haba, ɗauki abarka ka tafi da duka. A bakin ƙofar cikin gida ya hango Salima tsaye, ta rufe baki da gefen mayafi, ita ma jira take.

Mainasara ya dubi farar, ya dubi baƙar, ya miƙo hannu.

"Na sallama. Allah ya sa albarka."

Sufiyanu ya karɓi hannun, don haka ake rufe ciniki. Salima ce ta taho ta kwance karsanar da kanta, hawaye na zuba, ta miƙa masa igiyar. Ya yi mata godiyar riƙon da ta yi wa uwar, ya ce ta gaida yara.

Mainasara ya rako shi har bakin hanya, yana ta ba shi shawarar ya bi ta kwari saboda inuwa, ya kuma shayar da ita kafin ya hau tudun rairayi. Ransa fari ƙal, ko alamar ya san an rabu babu. Da za su yi sallama ya dafa kafaɗar Sufiyanu.

"Ka ga amfanin zumunci," in ji shi. "Ko la'adar dillali ba mu biya ba."

Sufiyanu ya ce haka ne. Ya zame kafaɗarsa, ya ja karsanar suka kama hanyar Bune, tana tirjewa tana waiwayen gidan da aka haife ta.