Naman Layyar Iya a Kan Waya

Ɗayyabu ya sake cusa na'urarsa a ramin tsohuwar wayar tarho, ya girgiza kai. Fitilar ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

"Saura minti arba'in fa," in ji Marwa. Ƙarfe sha biyu za a yi mata ganawar ɗaukar aikin jinya ta bidiyo, aikin da ta shekara uku tana nema. Tsoro ya hana ta ko karyawa.

Kamfanin su Ɗayyabu ne ya zo da dabarar: maimakon a farfasa bango, sai a bi da intanet mai sauri ta wayoyin tarhon da ke cikin benen nan na Yalwawa tun kafin a haifi Marwa. Kowane ɗaki ya kama, ban da nata.

Suka bi wayar ta taga har bayan bene. Ashe an cizge ta daga akwatin da wayoyin benen ke haɗuwa an ɗaure a reshen darbejiya, naman layya jere reras a kai yana shan rana. Iya, tsohuwar da ke hawan ƙasa, tana zaune a gindi da sanda tana korar shaho.

"Sannu da hutawa, Iya. Wayar nan muke so," in ji Ɗayyabu.

"Wace waya? Shekara goma sha biyar ina shanya a kanta, sai yau ta yi mai ita?"

Marwa ta durƙusa, idonta ya kawo ruwa. "Don Allah Iya, aikina ne."

"'Yar nan, in na sauke shi yanzu wari zai yi. Rago guda fa!"

Ɗayyabu ya dubi nama, ya dubi agogo. Ya ciro guntuwar waya daga jaka, ya fere bakin ta Iya, ya haɗa, ya ja har cikin akwatin. Ko tsoka ɗaya bai taɓa ba.

Marwa ta haye sama da gudu. Can sai ga muryarta ta taga, tana gaida masu ganawar da ke Abuja, suna amsawa tar kamar a ɗakin suke.

Iya ta kasa kunne, baki buɗe. "Yanzu duk maganar nan ta cikin namana take bi?"

"Ta nan take bi, Iya."

Ɗayyabu ya miƙa hannu zai ɗan tsinki nama ladan aikinsa. Sanda ta sauka a bayan hannun.

"Kai, bari ta gama tukuna! So kake ka cinye wa yarinya amsa?"