Wankan Hajiya Halima

Shatu tana murza cikin mai jegon lokacin da wayarta ta yi ƙara a aljihu. Zara ce daga Kazaure, 'yar Hajiya Halima.

"Anti Shatu, Mama ta cika. Ta bar wasiyya ke za ki yi mata wanka. Bayan Azahar za a kai ta."

Shatu ta yi salati, hannunta bai bar cikin matar ba.

Shekara talatin da biyar Hajiya ta yi tana aikin jinya, goma sha biyu a ciki tana shugabar ma'aikatan jinya na yankin. Daga Babura har Gwiwa babu asibitin ƙauyen da ba ta taɓa faɗo masa ba zato ba. Mace ce mai faɗan tsiya. Ta taɓa wanke Shatu tas a gaban marasa lafiya, don ta rubuta awon da ba ta yi ba. Ita ce kuma ta tsaya kai da fata har aka tura ta karatun ungozoma. Shatu na tsoronta, tana kuma sonta kamar uwa.

Ga shi yau ita kaɗai ce a ɗakin haihuwa na wannan ɗan asibiti a ƙasar Roni. Abu, matar wani makiyayi, ta haihu da hantsi, jini ya ƙi tsayawa. Sadiyya, abokiyar aikinta da za ta karɓe ta, sai ƙarfe huɗu za ta zo, Shatu ta kira ta sau uku wayar a kashe.

Hamma, mijin Abu, ya ji komai daga bakin taga.

"Likita, Allah ya ji ƙanta. Ki je mana, ai da sauƙi."

Shatu ta ɗaga zanen ta duba. Babu wani sauƙi. Ta sauya ledar ruwa, ta ƙara allura, sannan ta kira Zara.

"Ku yi haƙuri, ku nemi wata. Ba zan samu zuwa ba."

Da ladan ya kira Azahar, hawaye ta yi ta yi tana ƙirga bugun jinin Abu. Kunya ta ishe ta. Abu ɗaya tak Hajiya ta taɓa roƙonta a duniya, ta kasa.

Sai wajen La'asar jinin ya tsaya. Sadiyya ta iso, Shatu ta miƙa mata aiki, ta hau babur zuwa Kazaure.

Ta tarar maza sun daɗe da dawowa daga maƙabarta. Ta durƙusa cikin mata, ta kasa haɗa ido da Zara.

"Na ci amanarta, Zara."

"Adda ce ta yi mata wankan, yayarta," in ji Zara. "Tun shekaranjiya Mama ta ce ta zauna da shiri, wai wataƙila kina bakin aiki ranar, ba lalle ki zo ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Ta ce in kuwa kika zo da wuri, kada in bar ki ki taɓa ta sai kin faɗa mini wa kika bar wa marasa lafiya."