Daƙiƙa Goma da Butar Shayin Kaka

Su huɗu ne a gidan. Akwai Kaka, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙin jirgin ƙasa kafin ya ajiye aiki. Akwai 'yarsa, Inna, nas ce a wani asibiti, kuma ko atishawa mutum ya yi a gabanta sai ta taɓa goshinsa. Akwai Yaya, babbar jikar Kaka, tana kwana a kwaleji, sai ƙarshen mako take zuwa gida. Kaka yana kiranta Injiniya tun ranar da ta kwance rediyonsa ta mayar, kusoshi uku suka yi saura. Sai Auta, mai shekara tara, wadda ba ta cika magana ba amma ba abin da ke wuce ta.

Ba su rasa abinci ba, ba su rasa sutura ba. Kwamfuta ta biyu ce suka rasa. Guda ɗaya ce tal, a kan teburin falo kusa da taga, ta shekara bakwai a wurin. A cikinta Kaka yake rubuta littafin rayuwarsa a kan layin dogo, da yatsa biyu, kullum da safe bayan kowa ya fita. Ya kai shafi ɗari biyu da goma sha huɗu, saura babi ɗaya.

Wata Asabar Yaya ta dawo da filas, ɗan abin nan na adana bayanan kwamfuta, a hannu, ta ce karatunta na buƙatar wata babbar manhaja dabam, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, ba wadda aka sayo ta da ita ba.

"Wannan ta gidan ta cika nauyi," in ji ta. "Minti huɗu kafin ta farka. Tawa kuwa kyauta ce, kafin ka gyara zama ta buɗe, kuma ba ruwanta da ƙwayoyin cutar da ke shiga kwamfuta."

"Ta san firintata?" Kaka ya tambaya.

"Za ta san ta. Sai an ɗan lallaɓa."

"To tawa ba a lallaɓa ta. Kuma minti huɗun nan da kike rainawa, ni na san abin da nake yi da su."

"Amma ai ranar nan tsayawa ta yi tana sabunta kanta kana tsakiyar rubutu, har ka ce za ka jefa ta ta taga."

"Tsakanina da ita ne wannan, Injiniya. Ba a shiga."

Inna ce ta raba gardamar. Ta ce tunda kwamfutar ɗaya ce, a yi wa kowa wuri a ciki. Yaya ta kwafe littafin Kaka a filas don kada a yi asara, sannan ta raba rumbun kwamfutar gida biyu, kamar yadda ake raba ɗaki da katako. Ta bar tsohuwar manhajar a ɓangare ɗaya, ta zuba sabuwar a ɗayan. Kaka ya raɗa musu suna nan take, Tsohuwa da Baƙuwa.

Yaya ta yi masa bayani a tsanake. "Idan ka kunna, baƙin allo zai fito da layi biyu. Na sama Baƙuwa, na ƙasa Tsohuwa. Ka danna kibiyar ƙasa, ka danna babban maɓallin nan. Shi ke nan."

"Canjin layi ne kawai," Kaka ya ce. "Kafin a haifi uwarki nake wannan aikin."

Abin da Yaya ba ta faɗa ba, don ba ta ɗauke shi a bakin komai ba, shi ne baƙin allon daƙiƙa goma kaɗai yake jira. In ba a zaɓa ba, sai ya wuce da kansa zuwa layin sama.

Ranar Litinin da yamma Inna ta tarar da Kaka a zaune ya yi tagumi.

"Baba, lafiya?"

"Littafina ya tafi. Na kunna, ba hoton jirgina, ba fayil ɗina, sai wani tsauni mai ruwan hoda da ban taɓa zuwa ba."

"Ai Baƙuwa ka shiga. Da ta tambaye ka, wanne ka zaɓa?"

"Ba ta tambaye ni komai ba."

Inna ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa, yana tsaye a kanta. Baƙin allo ya fito da layi biyu. Ta danna kibiyar ƙasa. Bayan minti huɗu ga hoton jirgi, ga littafi, ko waƙafi bai ɓace ba.

Kaka ya riƙe haɓa. "Lallai! Wato a gabanki take ladabi."

Talata haka aka yi, Laraba ma haka. Kullum da safe tsauni mai ruwan hoda, kullum da yamma in Inna ko Auta ta kunna, ga tambaya ta fito tsaf. Kaka ya gwada dabaru. Ya kunna da hannun hagu. Ya sa rigar fita, ko shiga ce take dubawa. Ranar Laraba har gaishe ta ya yi kafin ya danna. Da yamma kuma ba ya iya rubutu, don idanunsa sun gaji, gidan kuma ya cika da hayaniya. Babi na ƙarshe ya tsaya cik.

Aka kira Yaya a waya, aka sa kowa na ji.

"Kaka, ba yadda za a yi ta ƙi tambaya. Na'ura ce, ba ta da son kai."

"Taki ce ai, dole ki kare ta."

"Wataƙila ka danna ka manta."

Inna ta ji kalmar mantuwar nan ta zauna mata a rai. Daga ranar ta fara yi masa tambayoyi a fakaice, irin waɗanda take ji likitoci na yi wa tsofaffi.

"Baba, yau wace rana ce ma?"

"Laraba. Ke ce mai zuwa aiki, ni za ki tambaya?"

"Me muka ci jiya da rana?"

"Abin da kika ƙona."

"Ka riƙe mini kalma uku, zan tambaye ka an jima. Kujera, lemo, agogo."

"Riƙe kayanki. In gwada ni kike yi, tambaye ni tashoshi ashirin da bakwai na layina, in jero miki su daga farko zuwa ƙarshe, in dawo da baya."

Ya jero su kuwa, har da inda ake shan ruwa. Amma Inna ta san tsoho kan riƙe abin da ya wuce shekara talatin ya saki na safiyar yau, don haka abin bai kwantar mata da hankali ba. Auta tana wanke kofuna ta ji ta a waya tana cewa, "Juma'a da ƙarfe goma, wurin likitan ƙwaƙwalwa. A'a, ban gaya masa ba tukuna."

Kaka ma ya ji, don bangon kicin ɗin ba kauri gare shi ba. Da Auta ta fito ta same shi yana lulluɓe kwamfutar da tsohon zanen tebur.

"Kaka, ba ka gama littafin ba fa."

"Autata, wanda bai iya tuna tambayar da aka yi masa da safe ba, wa zai yarda da abin da ya ce ya faru shekara arba'in da suka wuce?" Ya gyara gefen zanen. "Wataƙila tana tambayar tawa. Wataƙila ni ne."

Wannan ne karo na farko da Auta ta ji bai zagi kwamfutar ba, kuma abin bai yi mata daɗi ba ko kaɗan.

Ranar Alhamis ta tashi da mura. Murar gaske ce, ko da yake ta ɗan ƙara mata tari biyu a gaban Inna. Aka bar ta a gida, a kwance kan doguwar kujerar falo da bargo.

"Kaka, kunna mana kwamfutar."

"Na sallame ta."

"Don Allah. Ka yi kamar ba na nan. Yadda kake yi kullum."

Ya yi ɗan gunaguni, ya yaye zanen. Ya sunkuya ya danna maɓallin kunnawa, kuma kafin yatsansa ya gama barin maɓallin ya riga ya juya ya nufi kicin. Auta ta ji ƙarar famfo, ta ji an ɗora buta a wuta. A daidai lokacin baƙin allo ya fito da layinsa biyu, ga lamba a ƙasa tana raguwa. Goma, tara, takwas. Ba kowa a gaban teburin sai kujera. Daga kicin Kaka ya wuce ɗakinsa neman tabarau. Uku, biyu, ɗaya. Tsauni mai ruwan hoda ya bayyana, ya zauna yana jira. Sai bayan minti huɗu Kaka ya dawo, kofi a hannu, tabarau a hanci.

"Kin gani da idonki," ya ce. "Ta tambaye ni?"

Auta ta fashe da dariya har tarin gaske ya sarƙe ta.

"Ta tambaya, Kaka! Kujerarka ta tambaya!"

"Wace irin magana ce wannan? Ina nan fa."

"Kana kicin."

"Ni? Yaushe na..." Ya dubi kofin da ke hannunsa. Ya daɗe yana dubansa, kamar wani ne ya miƙa masa. Shekara bakwai yana danna maɓallin nan ya tafi dafa shayi, saboda Tsohuwa ba ta taɓa shiryawa kafin ruwa ya tafasa ba. Dannawar da tafiyar sun zame masa abu ɗaya, har bai san yana tafiyar ba.

Auta ta sa shi ya ajiye kofin. Ta kashe kwamfutar, ta riƙe masa gefen riga da hannu biyu, ta ce ya kunna. Ya danna, ƙafarsa ta ɗaga da kanta za ta tafi, ta ja shi baya. Baƙin allo ya fito.

"Ga munafukar," Kaka ya ce a hankali. Ya matsa kusa. "Mene ne wannan yake ƙirgawa?"

"Daƙiƙa goma take ba ka."

"Goma? Ni da nake tsayawa minti biyar a tashar da ba kowa sai akuya, ko wani zai fito da gudu?" Yana cikin faɗan lambar ta kai ɗaya, tsauni ya sake fitowa. Sai a karo na uku suka shiga Tsohuwa.

Da Inna ta dawo, Kaka ya tare ta a ƙofa. Ya zaunar da ita a doguwar kujera, ya ce wa Auta ta yi bayani, shi kuma ya maimaita komai a gabanta, har da ɗora butar. Inna ta kalli lambar tana raguwa a gaban kujerar da ba kowa. Ta rufe baki da hannu.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Kujera, lemo, agogo," ya ce daga ƙofar kicin. "Ga kayanki, na gaji da riƙo. Likitan kuma kada a ɓata masa lokaci, ki kai masa kwamfutar, ita ce ba ta san yadda ake magana da manya ba."

Ranar Asabar Yaya ta zo, aka ba ta labari, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ɗan ji kunya. Ta ce gyaran layi ɗaya ne a wani fayil. Sai sabuwar gardama ta tashi. Kaka ya ce a mayar da Tsohuwa sama, don ita ta riga zuwa gidan. Yaya ta ce in aka yi haka, duk ranar da ta waiwaya amsa waya za ta faɗa cikin jiran minti huɗu.

"Sai ki koyi dafa shayi," in ji Kaka.

"A mayar da shi daƙiƙa talatin," in ji Inna.

"Talatin ko tabarau ban gano ba."

Auta ta ja hannun Yaya. "Dole ne sai ta ƙirga? Ba za ta iya jira kawai ba, har wanda ya kunna ya zo?"

Yaya ta buɗe baki za ta yi musu, ta rufe. "Za ta iya," ta ce. Ta goge lambar goma, ta sa alamar da ke nufin a jira sai an zaɓa.

Yanzu Kaka yakan danna ya tafi abinsa. In ya dawo ya tarar da layi biyun suna jiransa, sai ya zaɓi Tsohuwa, ya sha shayinsa a cikin minti huɗunta. Ya ce tsarin ya ma fi na da, don a da shayin kan huce yana rubutu. Babi na ƙarshe ya ƙare cikin kwana tara. Wata safiya kuma Auta ta kama shi a cikin Baƙuwa yana jujjuya linzamin kwamfutar. Ya ce ba komai, ya leƙo ne ya ga ko tsaunin nan yana da layin dogo, kuma kada Injiniya ta ji.

Auta ba ta gaya wa kowa ba. Abin da ta gane shi ne, Yaya gaskiya ta faɗa, Kaka ma gaskiya ya faɗa. Kaka bai manta komai ba. An yi masa tambayar ne lokacin da ba ya ɗakin, kuma ba a jira ya dawo ba.