Wadda Ta Zare Wayar Los Alicates

A duk unguwar Breña ta birnin Lima ba wanda ya kai Don Celestino Ormeño iya guga. Shekarunsa saba'in da biyar, gwiwa ta gaji, kunnen hagu ya daɗe da ajiye aiki, amma karin wandonsa sai ka rantse zai yanka tumatir. Idan aka nuna wa baƙo shi aka ce wannan ne mai gangar ƙungiyar kiɗa ta Los Alicates, baƙon kan dube shi sama da ƙasa ya ɗauka ana yi masa ba'a.

Su huɗu ne a da, a shekarar 1966. Sunan ma daga akwatin kayan aikin baban Hipólito suka tsinto shi, don ma'anarsa filaya ce kawai. A garejin tsohon suke kiɗa, tsakanin tayoyi da garwar baƙin mai. Hipólito Yactayo ne mai jita, da lasifikar da ya haɗa da hanjin tsohuwar rediyo. Mawaƙinsu ba ya waƙa, ihu yake yi. Faifai ɗaya tak suka taɓa yi, guda ɗari uku, rabinsu kuma suka lanƙwashe a bayan tasi da rana ta buga su. Sauran aka rarraba wa dangi, dangi suka riƙa ɗora tukwanen fure a kai.

Yanzu fa wannan faifan ne mutanen Jamus da Japan suke nema kamar magani. Abin da ya haukata su shi ne ƙarshen waƙar "Ba Birki". Ana tsaka da tashin hankali, minti biyu da daƙiƙa tara, sai jita ta ɗauke ɗif, ganga ta yi bugu uku ita kaɗai, shi ke nan. Duk ɗan jaridar da ya zo tambaya, Hipólito yakan gyara baƙin tabarau ya ce 'yan sanda ne suka yanke musu wuta, saboda gwamnati na tsoronsu. Da farko 'yan sanda biyu ne. Da mawaƙin da mai babbar jita suka rasu, shaidu suka ragu, sai suka zama mota guda har da kare.

Celestino ya san gaskiya, ai yana wurin. Garejin ba shi da wuta. Waya suke jefawa ta kan katanga, ta shiga tagar ɗakin wankin maƙwabta inda soket ɗaya ne rak, su zare dutsen guga su cusa tasu. Shi ya sa ba sa kiɗa sai ranar Lahadi da hantsi, lokacin da matan gidan suka tafi coci. Ranar da suka aro rikoda mai batir don ɗaukar waƙar, 'yar gidan, Zoraida, ta ƙi zuwa coci saboda za ta goge rigar zuwa biki. Ta zare wayarsu ta mayar da dutsen gugarta. Ita ce motar 'yan sandan, ita ce karen. Bayan shekara uku ya aure ta.

Yau shekara uku da rasuwarta, kuma abin da ke cin Celestino a rai, wanda bai faɗa wa kowa ba, shi ne muryarta ta fara ɓace masa. Yana tuna maganganun, amma idan ya maimaita su a zuci da muryarsa suke fitowa. Zoraida ba ta taɓa yarda an ɗauki muryarta ba. Ko a bikin jikoki aka nufo ta da waya sai ta ɗinke baki ta harari mai ɗaukar. Wuri ɗaya ne a duniya ya san muryar tana nan: a zaren tef ɗin ranar, bayan bugu ukun, don rikodar ba ta san an zare komai ba. Hipólito kuwa ya daɗe da rantsuwa cewa tef ɗin ya ɓata a girgizar ƙasar saba'in da huɗu.

Sai ga Noemí Higa. Mace ce 'yar shekara talatin da wani abu, mai ɗan kamfanin farfaɗo da tsofaffin faifai, zanen kifi a damtse, magana a hankali. Ta gayyaci tsofaffin biyu cin burodi da soyayyen nama da dankali ranar Asabar da safe, ta ce tana so ta sake fitar da "Ba Birki", da hotonsu a bangon faifan.

"Matsalar ita ce duk faifan da na samu a karce yake," in ji ta. "Da a ce tef ɗin asali yana nan..."

Hipólito ya ji an ce hoto. Ya goge maiƙo daga gemu ya ce, "To, 'yata, ba za a rasa ba."

Celestino ya ajiye kofin shayinsa. "Me ka ce?"

"Na ce ba za a rasa ba."

"Ba kai ka ce girgizar ƙasa ta cinye shi ba?"

"Ta cinye, ta dawo da shi. Yana saman kabad."

"Shekara arba'in da takwas yana saman kabad, kai ne uban baftismar 'yata a coci, kullum kana gidana kana cin shinkafar matata, ba ka taɓa buɗe baki ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kai tsoho, ci naman nan kafin ya huce."

Da Noemí ta tashi biyan kuɗi, Hipólito ya matso da kujera, ya cire tabarau, abin da ba ya yi ko a jana'iza. "Ka ji ni da kyau, Tino. Ana kaiwa bugu na uku za a tsayar da tef ɗin. Akwai wani littafi da aka rubuta a Jamus, shafi biyu a kan 'yan sandan nan. Kana so duniya ta ji cewa yarinya mai dutsen guga ce ta gama da mu?"

"Ai ta gama da mu ɗin."

"Kai ta gama da kai. Ni ina da suna."

Celestino ya so ya gaya masa dalili, amma ya fasa. Shekara sittin suna zagin juna, ba su taɓa yin irin wannan hira ba, bai kuma san ta inda ake fara ta ba. Sai ya ce kawai shi ma zai zo, don ya tabbatar ba a danne masa ganga ba.

Ranar Talata da ƙarfe goma suka hallara a ɗakin aikin Noemí. Hipólito ya zo da tef ɗin a gwangwanin biskit, rungume kamar jariri. Ana buɗewa wani wari mai tsami ya cika ɗakin.

"Polo, albasa ka jiƙa a ciki?" in ji Celestino, yana kallon Hipólito.

"Tsufa ne, Don Celestino," in ji Noemí, tana juya zaren da safar hannu. "Danshin Lima ya ci shi. Ku ji, zan faɗa muku gaskiya. Zaren nan sau ɗaya zai iya wucewa ta inji. Yana wucewa yana zubewa. Abin da kwamfuta ta kama ta kama, abin da ba ta kama ba ya tafi. In na tsayar a tsakiya, ba na jin zai sake tashi."

"Madalla," in ji Hipólito. "Minti biyu da tara ne, sauran duk hayaniya ce. Ni zan danna miki da kaina." Ya ja kujera ya zauna dab da jan maɓallin, ya ɗaga ɗan yatsa.

Celestino ya zauna a gefensa, ya juyo da kunnen dama wajen lasifika.

Zaren ya fara juyawa. Aka ji ƙafa na jan garwa, aka ji marigayi mawaƙi ya yi kaki, sai jita ta fashe kamar an zubar da kwanuka daga bene. Gaskiya ba su iya kiɗa ba, Celestino ya daɗe da sanin haka. Amma akwai wani abu a haukan, don har Noemí tana kaɗa ƙafa. Ƙurar zaren tana zuba a kan farar takardar da ta shimfiɗa, ja-ja kamar garin barkono. Minti ɗaya. Minti biyu. Yatsan Hipólito ya sauko.

Mai ganga ko ya tsufa mai ganga ne. Jita na ɗaukewa, kafin bugu na biyu, Celestino ya cafke wuyan hannun abokinsa ya danne a kan kujera, ya hau kai ya zauna.

"Tino, sake ni. Ka karya ni, jakin banza. 'Yata, danna."

"Polo," in ji Celestino, ba tare da ya dube shi ba, "na manta muryarta."

Hannun da ke ƙarƙashinsa ya daina motsi.

Bugu na uku. Ƙofar ƙarfe ta yi ƙara. Sai muryar yarinya 'yar shekara goma sha takwas ta cika ɗakin, siririya, mai kaifi, a fusace.

"Wane marar aikin yi ne ya zare min dutsen guga? Ku huɗu, ƙarti da ku, ko kunya. Kai mai tabarau, a cikin gareji rana ce ta dame ka? Wata uku uwata tana cewa wuta na shanye mana kuɗi, ashe ɓeraye ne masu gashi. Wannan kuma kiɗa ne? Na ɗauka alade aka yanka. Kai kuma mai sanduna, me kake kallo? Rufe bakinka kafin ƙuda ya shiga."

Aka ji muryar Celestino yana saurayi: "Yi haƙuri, 'yan mata. In... in kin yarda ni sai in goge miki rigar."

"Ka iya guga?"

"A'a."

Sai ta fashe da dariya, irin wadda take ƙarewa da ɗan tari. Celestino ya manta da tarin nan sam. "To taso ka koya," ta ce. Zaren ya tsinke, bakinsa ya riƙa dukan inji fat-fat-fat, har Noemí ta kashe.

Celestino yana kuka, bai ma ɓoye ba, har yanzu yana zaune a kan hannun mutane.

"An kama?" ya tambaya.

"An kama duka, Baba," in ji Noemí. Ta share ido da bayan hannu, ta juya wajen Hipólito. "Don Hipólito, ina motar 'yan sandan?"

"Suna waje," in ji shi. "Sun ji muryarta ba su shigo ba."

Ta ce a faifan da za a sayar tana iya yankewa a bugu na uku kamar yadda yake a da, ba wanda zai sani, shi kuma Don Celestino ta ba shi nasa daban. Hipólito ya zare hannunsa da ƙyar, ya daɗe yana murza shi. Ya ɗauki tabarau zai sa, ya dube shi, ya cusa a aljihu.

"Bar shi har tarin," ya ce. "Ki rubuta a bango mu biyar ne. Jamusawa su sake littafi."

Noemí ta sa wa Celestino nasa a waya, ta nuna masa inda zai taɓa. Da ya koma gida da azahar bai ko ci abinci ba. Ya buɗe teburin guga a inda ya saba, ya jona dutsen, ya ɗauko farar riga. Ya jingina wayar da kwalbar ruwa ta gefen kunnen dama, ya tsallake waƙar gaba ɗaya.

"Kai kuma mai sanduna, me kake kallo?"

"Ba komai, Zoraida," ya ce, ya fara da kwala kamar yadda ta koya masa.