Ɗan Farin Iya Wasila a Babin Guguwa

Da Zamfara ta samu jiharta, sai malamai suka tashi haɗa kundin tarihi, kowane gari da abin da ya taɓa samunsa. Malam Sahabi aka ɗora wa gyaran babin babbar guguwar da ta yi kisa a ƙauyensu, can bayan Kucheri, tun zamanin Turawa. Da ya gama ya hawo mota daga Gusau don ya karanta wa gwaggonsa, Iya Wasila. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka gani da ido.

Tana ɓarar gyaɗa tana saurare. Ya karanta yadda rumbuna suka kife, ya jero sunayen mamata, ya rufe takardar.

"Ina yaron nan?" in ji ta.

"Wane yaro, Gwaggo?"

Ta ture faifan, gyaɗa ta watse. "Wanda katanga ta faɗo wa ina goye da shi!"

Sahabi ya sosa ƙeya. "Wanda ya fara rubutun ya sa 'da wani jariri', ni na cire. Ƙa'idarmu ke nan, wanda ba shi da suna ba ya shiga. Ai bara na tambaye ki sunaye, ba ki faɗe shi ba."

"Ka tambaye ni! Kai daga sama ka faɗo? Ina ka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗanta na fari? Har awakin maigari na ji kun sa, nawa ɗan ne bai kai akuya ba?"

"To wa zan tambaya?"

Nan fa zuciyarta ta ƙara tafasa, don babu. Mijinta ya rasu, uban Sahabi ya rasu, limamin da ya raɗa sunan kuwa, ƙasa ta daɗe da cinye shi.

"Gobe za a kai wa masu bugawa," Sahabi ya ce a hankali.

Iya ta yi ta faɗa. Ta zagi ƙa'ida, ta zagi biro, ta haɗa da wanda ya kai Sahabi makaranta. Da bakinta ya gaji, ta juya fuska ga bango, ta ja mayafi, ta motsa leɓe.

"Ban ji ba, Gwaggo."

"Umaru na ce! Kurma ne kai?"

Ya rubuta.

"Ka sa wata biyar gare shi, ya fara zama. Tashi ka ba ni wuri."