Sunan Suruki a Allon Kwamfuta

Ɗakin da ƙungiyar Taskar Garuruwa take haya a Tudun Wada ƙarami ne, tagarsa ɗaya, ita ma an toshe ta da kwali don kada rana ta taɓa kwamfuta. A shekarar 1999 wannan kwamfutar ce kaɗai Shafa'atu ta taɓa gani ido da ido a Gusau. A cikinta ake tara bayanin ƙauyuka da kasuwanni da mutanen da suka yi fice, duk Asabar kuma a jona ta da layin tarho, rubutun ya tafi inda Hausawan wasu ƙasashe za su karanta.

Kowa yana iya kawo labari. Amma shiga ciki a gyara, sai wanda aka ba izini, aka raɗa masa kalmar sirri a kunne. Shafa'atu ta daɗe tana kawo nata daga Nahuce, wani ya buga, wani ya yanke abin da ya ga dama. Yau ne ranar gwajinta.

Mijinta yana koyarwa a Tsafe, sai ƙarshen mako yake zuwa. Surukarta Inna ta yarda ta riƙa fitowa ne bisa sharaɗi guda: ƙanin mijin, Jibo, shi zai kai ta a babur, ya zauna, ya maido ta. Ga shi nan kuwa a kan benci, ya tare bakin ƙofa da ƙafafunsa yana ɓare gyaɗa.

Madam Rifkatu, mai kula da ɗakin, ta ja mata kujera.

"Kin san yadda muke yi. Aikinmu na mutum biyu ne, ɗaya na karantawa da ƙarfi, ɗaya na dubawa. Ki karanta shafin garinku daga sama har ƙasa, kada ki tsallake komai."

Shafa'atu ta zauna ta fara. Ta karanta bayanin kasuwa, ta wuce kan rafi da gonakin dawa. Har ta gano inda aka ce ana shuka gero bayan dawa, ta ce a'a, gero ne ke riga. Madam ta gyaɗa kai. Sai allon ya gangaro, idonta ya riga bakinta isa layi na gaba.

Sunayen manyan manoma ne. Na farkonsu Alhaji Attahiru, mahaifin mijinta.

Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa furta wannan suna ba, haka ake yi. Ko yaron maƙwabta mai irin sunan, "mai sunan Baba" take ce masa.

"Cikin manyan manoma akwai… Baba," ta ce a hankali, ta yi sauri za ta wuce.

"Dakata," in ji Madam. "Baba wa?"

Jibo ya tuntsire da dariya har ɓawon gyaɗa ya zube daga cinyarsa. "Awo, matarmu! Baba wa? Hwaɗa muna mu ji. Ni ma na manta sunan tsohon nan."

"Jibo, don Allah."

"Mi na yi? Karatu kika zo, ki yi karatu. Ni dai kunnena biyu, kuma duka na Inna ne."

Wasa yake, irin na ƙanin miji. Amma ta san shi. Kafin ta cire takalmi a zaure labarin ya kai madafa, da ƙari a kai. Inna ba za ta yi faɗa ba, cewa kawai za ta yi bokon Gusau ya isa haka.

Madam Rifkatu ta juyo da kujerarta. "Shafa'atu, a Gusau aka haife ni, na san surukinki ne. Ba mugunta nake miki ba. Bara mun ba wata izini, ta bi shafin garinsu duk inda sunan surukanta yake ta mayar da shi Baba da Inna. Mutum yana wata ƙasa ya buɗe, ya ga Baba ya haƙa rijiya. Baban wa? Shi ya sa kwamiti ya sa wannan doka, ba ni na sa ba."

"Zan iya bugawa da hannu, Madam. Wallahi ba zan taɓa goge shi ba."

"Na yarda da ke. To ranar da ke ce mai karantawa fa, wani na dubawa?"

Shafa'atu ta dubi allon. Wani ɗan layi a allon yana ta ƙyaftawa a gefen sunan. Harafi takwas ne kawai, ta iya su sarai, har ta ji harshenta ya tashi ya taɓa dasashi.

"Ko Jibo zai ɗan fita waje?" ta ce, ba ta dube shi ba.

"In fita? Inna ta ce in zauna. In na fita kuma ai na san abin da aka hwaɗi a bayana." Yanzu ba dariya a muryarsa sosai.

Madam ta jira. Ta ƙara jira. Daga nan ta sa hannu ta gangara da shafin da kanta.

"Ki ci gaba da kawo labari kamar da. Hannunki yana da kyau. In kin shirya, kujerar tana nan."

Wani saurayi daga Ruwan Bore ya karɓi wurin, nan da nan ya karanta shafin garinsu tas. Shafa'atu tana gyara mayafi ta ga Madam ta sunkuya ta raɗa masa kalmar a kunne, shi kuma yana murmushi.

A kan hanyar Bungudu Jibo bai bar zancen ba, iska na kwashe rabinsa. Suna shiga gida ya ɗaga murya tun daga zaure.

"Inna! Yau matarmu ta fidda mu kunya. An matsa mata ta kira sunan Baba gaban mutane, ta ƙi ƙememe!"

Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu, fuskarta cike da fara'a. Ta dafa kan Shafa'atu.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyar mutunci. Ai na san ba ki ba ni kunya. Gobe ma ki tafi abinki."

"Amin, Inna," in ji Shafa'atu. Ta durƙusa ta karɓi muciyar.