Sawun Amalanke Daga Garkar Mata

Habi ce ta fara lura. Da hantsi ta shiga garkar ƙungiyar mata da ke bakin fadama, gabas da Barmou, ta tarar babu manyan kabewarta biyu. Wurin da aka yanke ma bai bushe ba. Mijinta na can Abidjan ci-rani, da kabewar nan take shirin yi wa yara miya har rani ya wuce.

Kafin mako ya zagayo an taɓa kowa. Matan suka sari ƙaya suka ƙara wa shingen. Suka lulluɓe kabewar da karan hatsi don kada a hango ta daga hanya. Daga baya suka raba gadi, mata biyu kullum a gindin itacen bedi, suna tsinkar zogale suna kallon ƙofa. Satar ta lafa.

Ran nan aka yi rasuwa a unguwa, kowa ya tafi gaisuwa, har masu gadin. Da la'asar da suka dawo, an ja ƙaya gefe, an watsar da karan, an kwashe duk wadda ta nuna. Sawun amalanken jaki ga shi a fili kan yashi. Habi da Rakia, shugabar ƙungiyar, suka bi shi shiru, har ya kai su bayan gidan Alhaji Manzo, mai filin da ya ara musu suka yi garkar. Ta saman katanga suka hango ɗansa Hashimu yana ɗura kabewa cikin buhuna.

Rakia ta kama hannun Habi.

"Mu koma. Ba mu ga komi ba."

"Yaya, da idonmu munka gani!"

"Filin na wa ne? Rijiyar da munka gina, za ki ɗauke ta bisa kai?"

Washegari Habi ta ɗaura zane mai kyau ta tafi gidan Alhaji ita kaɗai. Alhaji na zaune kan tabarma a zaure. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi yara, ya tambayi labarin maigidanta. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta, idonta a ƙasa.

Ya daɗe yana jan casbi.

"Ɗiyata, yaran yanzu sai addu'a. Zan yi mai magana." Ya ɗan gyara zama. "Ni ma akwai abin da nike son gaya muku. Ƙannena na ta damuna da zancen filin ga, wai su shuka albasa. Ni ke tare su, don ba ni son hayaniya. In maganganu sunka yi yawa cikin gari, ban san ko zan iya ba."

"Allah shi ƙara girma, Baba," in ji Habi.

Ta fito. A hanya ta yi kiciɓis da Hashimu bisa amalanke. Ya gaishe ta da ladabi, ita ma ta amsa.

A garka matan na jiranta. Ba wadda ta tambaya, fuskarta ta ishe su. Rakia ta ce a sake ja ƙayar, aka ja. Ta ce gobe wa ke gadi, ba wadda ta karɓa.

Habi ta ari wuƙa ta nufi fegenta. Kabewar da ta rage duk ɗanya ce, fatarta kore, farce na shiga. Ta san ba za ta ajiyu ba, cikin ƴan kwanaki za ta ruɓe. Ta yanke su ɗaya bayan ɗaya ta zuba a ƙwarya. Wata tsohuwa ta ce ta bari su ƙara kwana.

"Su ƙara wa wa, Inna?"

Tsohuwar ta tsaya tana kallonta. Can ta miƙa hannu a ba ta wuƙar, ita ma ta yanke tata.